Sunan Mahaifina a Ƙarshen Littafin Coci

Shekarun baya can, tun ana kiran ƙasar nan Dahomey, Turawa ba su daɗe da tattara komatsansu ba, na tafka wata wauta da ta kusa raba ni da albarkar mahaifina. Ku da kuke ganina yau da furfura kuna ce min dattijo mai natsuwa, ku gyara zama ku ji yadda mai natsuwar nan ya taɓa durƙusawa a zauren gidansu yana kuka.

Ni ɗan Djougou ne. Kakanninmu fataken goro ne, ayari ya kawo su suka yada zango har zangon ya zama gida. Mahaifina bai bi fatauci ba, malami ne, kuma sana'arsa kwafar littattafai da hannu. Mutum ne marar yawan magana, bai taɓa ɗaga min hannu ba, amma kallo ɗaya in ya yi maka sai ka gwammace bulala. Tun ina ƙarami ya zaunar da ni ya koya min fiƙe alƙalami da dafa tawada, ya kuma koya min ƙa'idar da ba a tsallakewa: in ka gama kwafar littafi, sai ka rufe da sunanka da sunan ubanka da garinku, ka roƙa muku gafara. Ya ce wannan ba ado ba ne, shaida ce. Wanda ya sa sunansa a ƙarshen littafi ya rantse ke nan cewa bai ƙara ba, bai rage ba. Na yi wannan rufewar sau ba adadi, har hannuna ya haddace ta.

Daga baya aka sa ni lekwal, wato makarantar boko, na iya Faransanci da buga tafireta. Na yi aure, na koma Parakou, muka kama ɗaki a unguwar Ganou, ina aiki a biro, wato ofishin wasu masu sayen auduga. Ana nan sai biron ya rufe. Na yi wata da watanni ina zaga gari da takalmi ɗaya, ga mata ga kuɗin haya. Rannan wani abokina ya ce min akwai wani limamin Kirista, na ɗarikar Angalikan, yana neman wanda ya iya Hausa ya kuma iya tafireta. Na ce a'uzubillahi. Bayan kwana biyu na wanke riga na tafi.

Rabaran muke ce masa. Bahaushe ne daga Najeriya, dogo, siriri, mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. An turo shi ya kula da ɗan cocinsu, wanda yawancin mutanensa baƙi ne, 'yan kasuwa da ma'aikata, kuma Hausa ce ta haɗa su. Shekaru yana rubuta musu littafi da fensir a cikin littattafan 'yan makaranta, yana amsa tambayoyin da suke kawo masa game da addininsu. Ba shi kaɗai yake aikin ba. Akwai wani tsohon malamin lekwal, ɗan ƙasar nan, muna ce masa Mushe, yadda ake kiran malamin lekwal da Faransanci. Shi ba limami ba ne, amma ya karanta littattafan addininsu fiye da ƙima, kuma Allah ya zuba masa son gardama. Rabaran ya rubuta, Mushe ya kushe, ni in buga.

Ranar farko na ce wa Rabaran, "Ni fa Musulmi ne, kuma a haka zan mutu."

Ya ce, "Malam, yatsunka na ɗauka aiki. In lokacin sallarka ya yi, ga buta can bayan ɗaki."

Haka kuwa aka yi. Amma ban gaya wa mahaifina ba. Duk sallar da na je gida ya tambaye ni aiki, sai in ce biro lafiya lau, auduga ta yi kyau bana. Shekara biyu ina sayar masa da audugar nan ta ƙarya.

Wallahi na ga aiki a ɗakin nan. Kwana uku cur suka yi suna jayayya a kan tambaya ɗaya: in maƙwabci Musulmi ya aiko wa Kirista naman layya, ya ci ko ya mayar? Mushe ya buga tebur ya ce sai an yi bayani shafi biyar. Rabaran ya ce matar da ta yi tambayar ba shafi biyar take jira ba, ga nama a kwano yana jiran amsa. Su buɗe wannan littafi, su rufe wancan, wannan ya yi Faransanci, wancan ya mayar da Ingilishi, sai sun gaji su dawo Hausa su juyo kaina: "Malam, ku me kuke faɗa in za ku yanka?" In gaya musu, Rabaran ya rubuta. Ya sha ce min ba ya so ya tsaya gaban Allah da ƙaryar da ya yi wa maƙwabtansa a takarda.

Da kashi na farko ya kammala, na buga shi a takardar kaki, irin wadda ake ɗaura wa injin roneyo a juya da hannu ya fitar da kwafi da yawa. Ranar da na kai shafin ƙarshe daɗi ya cika ni, wuyana ya huta. Na buga layin ƙarshe na Rabaran, sai yatsuna suka ci gaba da kansu. An gama da yardar Allah, da hannun wane ɗan Malam wane na Djougou, Allah ya gafarta masa da mahaifansa da duk wanda ya karanta. Sunana cikakke, sunan mahaifina cikakke, har da laƙabin da duk Djougou ta san shi da shi. Na zare takardar na miƙa, na tafi gida ina fito.

Kwana huɗu ban je ba, matata ta haihu. Da na koma na tarar an juya, an ɗinke, har an raba. Rabaran ya miƙo min nawa yana murmushi. Na buɗe bayan littafin, sai ga sunana da na mahaifina.

Na ce, "Rabaran, ka ga wannan kuwa?"

Ya ce, "Na gani mana. Addu'a ce. Wa zai goge addu'a? Ni har amin na ce."

Mushe ya ƙara da cewa ai layin nan ya fi rabin littafin daɗin karantawa. Suka yi dariya. Na tambaya ina da ina aka kai. Aka lissafa min, har da 'yan uwansu da ke Djougou. Na zauna a ƙasa, don kujera ta yi min nisa. Sai a lokacin na gaya musu mahaifina bai san ina nan ba. Dariyar ta ɗauke. Rabaran ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi, sannan ya ce, "Malam, da ka gaya min tun farko."

Mako uku na yi ban san ɗanɗanon abinci ba. Duk kamyo, wato babbar mota, da ya tsaya a bakin titi, sai gabana ya faɗi. Duk wanda ya yi sallama da muryar mutanen garinmu, sai in ce saƙon mahaifina ne ya iso. Ku yaran yanzu ba lallai ku gane ba. Ba duka nake tsoro ba, ba kora ba. Baki nake tsoro. A gidanmu in uba ya buɗe baki ya ce ya cire albarkarsa daga kanka, to ka gama yawo, ko gaisuwarka ba mai amsawa, kuma kai kanka ka san ba za ka ƙara ganin daidai ba. Ga jariri a hannu ko suna bai daɗe da samu ba, sunan mahaifin nawa ma aka sa masa.

Ashe baffana, ƙanen mahaifina mai fataucin shanu, ya je kasuwa wajen Pélébina, wani Kirista da ya san shi ya tare shi da fara'a, ya ce, "Alhaji, ashe ɗanku ne ya rubuta mana littafi? Allah ya saka!" Har ya ba shi kwafi kyauta. Bawan Allah, shi alheri ya nufa.

Saƙo ya iso ta bakin wani direban kamyo, da safe ina wanke fuska. Ya ce, "Malam ya ce ka zo." Na ce lafiya? Ya ce, "Iyakar abin da ya ce ke nan." Bai yarda mun haɗa ido ba.

Na biya na gaya wa Rabaran. Nan take ya ɗauki hularsa wai zai raka ni ya yi bayani. Na ce, "Rabaran, ka rufa min asiri. In ka shiga unguwarmu da farar kwalar nan a wuyanka, gawata za ka dawo da ita." Ya ajiye hular. Ya ce to zai yi min addu'a, ya kuwa runtse ido ya fara. Ni ina tsaye tsuru-tsuru, ban san ko in ce amin ba ko in yi shiru. Ƙarshe dai na ce amin a ciki-ciki, don ranar ko daga ina taimako zai zo ina so.

Damina ce, hanyar Djougou duk ta cabe. Sau biyu kamyo yana kafewa muna sauka muna turawa, kuma wallahi duk sau biyun addu'a nake kar ya fita. Ya fita. Muka isa bayan azahar.

Mahaifiyata na fara gani a tsakar gida tana tankaɗe. Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta ce min sannu da hanya ba, sai ta ce, "Kai kuwa me muka yi maka?" Idonta ya kumbura. Ta nuna zaure da haɓa.

Mahaifina yana zaune a kan buzunsa, baffana a gefe yana huci. Littafin yana ajiye a kan tabarma, nesa da gafakokin littattafansa. Na gaishe shi, ya amsa kamar kullum, wannan ya fi komai tsorata ni. Baffana ya fara, "Ka sayar da mu! Sunan gidan nan a littafin..." Mahaifina ya ɗaga yatsa ɗaya, baffa ya haɗiye sauran.

Ya ce, "Wannan sunanka ne?"

Na ce, "Nawa ne, Baba."

"Na kusa da shi fa?"

"Naka ne."

Ya ce, "Ni ban iya karatun boko ba. An ce sunana yana ciki, kuma ban san abin da na yi wa shaida ba. Ɗauka ka karanta min. Daga farko."

Inna lillahi. Na ɗauka. Na fara. Muryata ta koma ta wani ɗan akuya. Na karanta babin addu'a, na karanta babin naman layya. Na zo inda Rabaran yake gaya wa mutanensa kada su kuskura su ce Musulmi dutse suke bauta wa, ya ce wannan ƙarya ce kuma Allah ba ya buƙatar a kare shi da ƙarya. Na saci kallon mahaifina, idonsa a rufe, carbi yana tafiya. Aka kira la'asar, muka tashi muka yi, na bi shi sahu ina jin kamar kowa a masallacin bayana yake kallo. Muka dawo ya ce, "Ci gaba."

To, na san abin da ke gaba, ni na buga shi. Babin da suke bayanin abin da suka yi imani da shi game da Annabi Isa, maganganun da ban taɓa tunanin za su fito daga bakina ba, balle a zauren nan, gaban mutumin nan. Na karanta farkon babin, na yi tari, na haɗa ganye biyu na juya tare, na ɗora daga inda magana ta yi sauƙi. A raina na ce ai bai iya boko ba.

Carbin ya tsaya.

Ya ce, "Dakata. Mai littafin ya ce zai kawo dalili uku. Ɗaya na ji."

Mutumin da ya shekara arba'in yana kwafar littafi, ni zan ɓoye wa giɓi! Ko a mafarki aka tsallake layi zai farka.

Ya buɗe ido ya dube ni. "Haka ka yi wa mutumin a nasa littafin? Inda bai yi maka daɗi ba ka zubar?"

Na ce, "A'a wallahi, Baba. Harafi ɗaya ban taɓa ba."

"To ni ne za ka rage wa. Koma."

Na koma. Na karanta shafukan nan biyu kalma bayan kalma, hawaye yana ɗiga a kan takarda. Baffana ya tashi ya fita yana salati. Mahaifina bai motsa ba. Sau biyu na ji ya nemi tsari a hankali, amma bai katse ni ba har na kai ƙarshe, har na karanta sunana da nasa da addu'ar. Na ajiye littafin, na sunkuyar da kai ina jiran kalmar. Ta bayan ƙofa kuma ina jin shessheƙar mahaifiyata.

Ya ce, "Ka yi imani da abin da ke ciki?"

Na ce, "A'a."

"Ya taɓa cewa ka yi?"

"Bai taɓa ba. Buta ma ya ajiye min."

Sannan ya ce, "Mutumin nan a wurina ya ɓata hanya, kuma da zan gan shi zan gaya masa. Amma na saurara tun daga farko har ƙarshe, ban ji inda ya yi mana ƙarya ba. Ya faɗi nasa a fili, ya faɗi namu yadda yake. A cikin zancen nan duka mutum ɗaya ne ya yi min ƙarya. Shekara biyu yana yi, yau ma a gabana ya ƙara."

Jama'a, da ya tsine min ina jin da zafin bai kai haka ba. Na kifa goshina a tabarma ina ba shi haƙuri, ban ma san abin da nake faɗa ba.

Ya tambaya ko aikin ya ƙare. Na ce saura kashi na biyu. Ya ce, "Ka yi alkawari?" Na ce na yi. Ya ce, "To ka koma ka cika, kada a ce ɗan gidan nan ya ɗauki amanar littafi ya yar a hanya. Sunanka naka ne, ka kai shi inda ka ga dama. Nawa ka bar min shi a gida." Ya ɗaga murya ya ce a ba ni abinci.

Washegari na durƙusa yin sallama. Tun da na fara tafiye-tafiye, ban taɓa barin zauren nan ba sai ya ɗora hannu a kaina ya ce Allah ya yi maka albarka. Na jira. Hannunsa yana kan carbi. Ya ce, "Allah ya kiyaye hanya." Na ƙara jira kaɗan, ko akwai saura. Babu.

Bai tsine ba, bai kuma sa albarka ba. A tsakanin nan ya bar ni, kuma in gaya muku gaskiya wurin nan ba daɗin zama.

Da na koma Parakou na kwashe duka na gaya musu. Da na zo inda mahaifina ya ce Rabaran ya ɓata hanya, Mushe ya miƙe wai a ba shi takarda ya rubuta amsa. Rabaran ya ce, "Zauna, Mushe." Ya sa na maimaita masa sauran maganar sau biyu. Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce shekarun da ya yi yana rubutu, manyansa ma ba wanda ya taɓa sauraron littafinsa daga farko har ƙarshe sai malamin nan. Ya ce, "Ka gaya masa ni ma haka nake ganinsa, kuma ina girmama shi." Na ce wannan saƙon sai dai ya jira, ni yanzu kaina nake nema.

Na buga kashi na biyu. Da na zo shafin ƙarshe sai da na zauna a kan hannuwana.

Tun daga nan duk zuwan da na yi gida, kafin ya tambaya nake zazzage masa komai: ga abin da na buga, ga abin da suka yi gardama a kai, ga ranar da na makara sallar asuba. Har saƙon Rabaran na isar, ya ce, "Hm." Ƙaramar salla ta zo, Allah ya kiyaye hanya. Babbar salla ta zo, Allah ya kiyaye hanya. Kowace tafiya in hau kamyo ina share ido, in ce wa na kusa da ni ƙura ce. Na rame har matata ta fara zargin ciwo. Tsorona ɗaya, mutumin nan ya tsufa, kar Allah ya ɗauke shi kalmar tana bakinsa.

Sai a zuwa na huɗu, ba salla ba ba komai ba, na kawo masa jikansa ya fara tafiya. Na durƙusa zan tafi, yana fiƙe alƙalami, ko ɗagowa bai yi ba. Sai na ji nauyin hannunsa a kaina. Ya sa min albarka a gajarce, kamar bai taɓa dainawa ba. Na kasa tashi. Ya ce, "Kai, tashi mana, kamyo zai bar ka."

Duk sun riga mu gidan gaskiya yanzu, shi da Rabaran da Mushe, kuma ba su taɓa haɗuwa ba. Na daɗe ina juya abin a raina. Ni duk a zatona zama da mutanen coci ne zai ja min fushin mahaifina, shi ya sa na ɓoye, ashe ɓoyewar ce laifin. Mutum biyu ne da ba za su taɓa yarda da juna a kan addini ba, amma kowannensu yana tsoron ya tsaya gaban Allah da ƙarya a bakinsa. Ni da nake tsakaninsu, mai salla biyar, mai sunan gidan malamai, ni ne ban ji wannan tsoron ba sai da aka koya min.

Har yau in na tuna, ba ranar karatun ce take tayar min da tsigar jiki ba. Lissafin da nake yi ne: bayan ya ɗora min hannun nan, damina ɗaya kawai ya ƙara a duniya.